Kiredin LMD: in ka canza jami'a, dole a karɓa?

Ɗan Ader: Salamu alaikum ƴan gurup. Ƙanena ya gama L1, shekarar farko ta jami'a, a jestiyo (fannin tafiyar da kasuwanci) nan Tawa, yanzu an maida baba Yamai da aiki, gida duka za su tashi. Na ce mishi ya kwantar da hankali, tunda muna cikin LMD, tsarin nan na lisansi, masta da doktora, kiredi 60 da ya samu (makin da ake tarawa in ka ci darussa) nashi ne, duk jami'ar da ya je dole a sa shi L2, shekara ta biyu. Ai don haka aka kawo tsarin.

Ƴar Wadata: Wa alaikumus salam. Yaya wannan "dole" ce ban yarda da ita ba wallahi. Kiredi ba ya ɓacewa, gaskiya ne, amma kwamitin ekibalans, mai gwada karatun wata jami'a da nasu, ne ke zama ya duba dosiye, su ke da ta cewa.

Ɗan Ader: To mi ne amfanin dokar da UEMOA, ƙungiyar ƙasashenmu masu kuɗin sefa a yammacin Afirka, ta yi kan LMD a 2007? Samestir kiredi 30, shekara 60, lisansi 180, daga Tawa har Dakar lissafi ɗaya ne fa.

Malamin Harobanda: Lissafin ɗaya ne ɗana, abin da ke cikin buhun ne ya bambanta. In an kawo dosiye ba jimillar kiredi muke kallo ba, muna ɗora UE ɗin, wato rukunan darussan da yaro ya yi, kan namu ɗaya bayan ɗaya, mi aka koya mishi, awa nawa. Wani wurin suna yin kwantabilite tun samestir na farko, wani sai na uku, to yaron da bai taɓa ganinta ba ta yaya za ka zaunar da shi cikin waɗanda suka yi shekara suna yi? Kuma akwai maganar wuri, aji in ya cika ya cika.

Ƴar Wadata: Ni ta faru da ni. Shekara biyu na yi a wata piribe, innarmu ta saida awakinta uku don kuɗin shekara ta biyu, na kai relebe, takardar makina, wata jami'a, mutumin sikolarite ya juya takardar gaba da baya ya ce hiliyar tamu ba su san da ita ba, babu amincewar gwamnati babu ta CAMES, hukumar Afirka mai tantance digiri. L1 na koma. Har yau in na tuna awakin nan raina na ɓaci.

Ɗan Ader: Allah sarki ƙanwata, Allah ya maida alheri. Amma wannan piribe ce, nawa yaron jami'ar gwamnati ya yi, ma'aikata ɗaya ke riƙe da su duka.

Malamin Harobanda: Amin. Nashi ya fi sauƙi sosai, ban musa ba. Sai dai tambaya ɗaya: duk UE ɗin ya ci 10 bisa 20, ko akwai wadda ya faɗi mwayen ta samestir ta ɗauke shi? Irin wannan ce ake yawan cewa a sake.

Ɗan Konni: Ku dai kuna cikin daɗi. Mu da muka tsallaka Sakkwato digiri shekara huɗu ne, da Turanci, makinsu bisa 5 ake lissafawa ba bisa 20 ba, sai an fassara takardu kafin ma a saurare ka.

Ɗan Ader: Na tambaye shi yanzu, ya ce a darasin lissafi 8 bisa 20 ya samu, mwayen ce ta fidda shi. Amma Malam ni har yanzu ina ganin zalunci ne jami'a ta ce ka wuce, wata ta ce ba ka wuce ba.

Ƴar Wadata: Nan kam ina bayanka yaya.

Malamin Harobanda: Ban ce babu gyara a ciki ba. Yanzu dai kar ya bar Tawa sai ya karɓi relebe na samestir biyun da hatimi, da takardar da ke bayyana abin da aka koyar a kowace UE, da shaidar bak. Ya kai tun kafin a buɗe rajista, kuma kar ya saki wurinsa na can sai amsa ta fito a rubuce.

Ɗan Ader: To Malam, na gode. Litinin zan raka shi sikolarite da kaina.