Neman shawara: yaya zan yabi Allah alhali zuciyata na ciwo?

Mai tambaya: Salama gare ku 'yan'uwa cikin Kristi. Maigidana yana kwance ba lafiya, aikina kuma ya tsaya. In na durƙusa addu'a, roƙo da kuka kawai ke fita. Ana ce mini in yi yabo, amma da na buɗe baki sai in ji kamar munafunci nake yi. Ta ina zan fara?

Wani dattijon ikkilisiya: Sannu 'yata, Allah ya ba shi lafiya. Ba munafunci ba ne, daga ƙarshe kike son farawa. Buɗe Zabura 13, aya 6 ce kacal. A biyun farko Dawuda kuka yake, sau huɗu yana tambayar Ubangiji har yaushe. Biyun tsakiya roƙo ne, Allah ya dube shi ya amsa masa. Sai a biyun ƙarshe ya ce ya dogara ga ƙaunar Allah, zai raira masa waƙa, alhali damuwar tana nan. Ki bi wannan jeri. Faɗi abin da ke cin ki da sunansa, roƙi abu takamaimai, sannan yabo. Masu tsallake kukan su ne ke jin baki na yabo zuciya na wani wuri.

Malamar makarantar Lahadi: Ƙanwata, kada ki ɗora wa kanki awa guda, za ki gaji ki bari. Minti 10 da safe ya isa. Rubuta abu uku da Allah ya taɓa yi miki, kowanne da lokacinsa, kamar yadda Zabura 77:11 ta tuna da ayyukansa na dā. Karanta su a bayyane, domin a zuci tunani yakan zame ya koma kan damuwa. In kalmomi sun ƙare, ari na Makoki 3:22-23.

Wani fasto: Ina da gargaɗi ɗaya. Ana yawan kawo Bulus da Sila, da suka raira waƙa da tsakar dare a kurkukun Filibi, ƙasa ta girgiza, ƙofofi suka buɗe (Ayyukan Manzanni 16). Gaskiya ne. Amma a sura 12 Hirudus ya kashe Yakubu da takobi, shi ma manzo ne. Wanda ya mai da yabo ciniki, "na yabe ka, sai ka biya ni", in amsa ta yi jinkiri yakan yi fushi ya daina addu'ar gaba ɗaya. Dubi Habakkuk 3:17-18: ɓaure bai yi toho ba, garke babu dabba, duk da haka ya ce zai yi murna da Allah Mai Cetonsa. A kan halin Allah ya kafa yabonsa.

Mai tambaya: Na gode Baba, na gode duka. Ranar da ko wannan ya gagara fa?

Dattijon: Zabura 88 ta ƙare cikin duhu, babu yabo a ƙarshenta, kuma tana cikin Littafi Mai Tsarki. Ranar ki karanta ta, ko ki kira wata daga zumuntar mata ta karanta miki kina ji. Ki kuma ci abinci ki yi barci; da Iliya ya karaya har ya roƙi mutuwa, abinci da ruwa mala'ika ya fara ba shi (1 Sarakuna 19). In barci da cin abinci sun gagara har mako biyu, ki gaya wa fastonki, ki ga likita.