Ya ake gaida wanda ba ka sani ba a imel na neman aiki?

Jama'a barkanmu da warhaka, dan Allah ina neman shawara. Ina nan Jos na gama bautar ƙasa, wata ƙungiya a Abuja ta buɗe gurbin aiki sun ce a tura CV ta imel, to adireshin na ofis ne kawai babu suna babu komai, ban san namiji zai buɗe ba ko mace. Na rubuta komai tsaf, layin gaisuwar nan ne ya gagare ni.

A sakandare dai Dear Sir/Madam aka koya mana sai a rufe da Yours faithfully, haka muka yi a WAEC. Amma wani abokina ya ce wai ya tsufa, yanzu Dear Hiring Manager ake yayi, ni kuma ina jin sa wani iri kamar kwafowa na yi daga intanet. To Whom It May Concern kuwa a takardar shaida na saba ganinta. Yayana cewa ya yi in yi sallama kawai, to amma kun san ofis a Abuja kowa da kowa ne, ban san addinin mai karantawa ba, kar a ga kamar ina kamun ƙafa.

Masu aikin ɗaukar ma'aikata wanne kuka fi son gani? Kuma in na leƙa LinkedIn, shafin nan na ma'aikata da masu neman aiki, na samo sunan shugaban sashen da ke neman ma'aikaci na sa a gaisuwar, ba za a ce na yi shisshigi ba? Ran Juma'a za su rufe karɓa.