Me ya hana manyan masana'antu zuwa yankinmu ne?

Ɗan Kadawa:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masana ku warware min wannan. Kano da Jigawa me muka rasa? Shinkafa a Kura da Haɗeja, tumatir a nan Kadawa, riɗi da zoɓo a Maigatari da Gumel, fata kuwa tun zamanin ayarin raƙuma ake ɗibarta daga Kano, ga Dawanau ga Kantin Kwari, ga tashar tsandauri ta Dala da aka buɗe a Zawaciki a 2023. To me ya hana kamfanonin zamani irin masu haɗa injin ban ruwa da farantan sola da taraktoci su zo su kafa a nan? Kullum a sa hannu a takarda a ɗau hoto, daga nan shiru kake ji, duk mai kuɗin da ya shigo ƙasar nan a Legas ko Ogun yake yada zango.

Tsohon Sharaɗa:
Wa alaikassalam ɗana. Wuta ce, kar kowa ya ruɗe ka. Ni na yi aiki a kamfanin roba lokacin da in an tashi daga aiki a Bompai da Sharaɗa kekuna sai sun toshe titi. In aka ɗauke wuta ana tsakar aiki robar nan a cikin injin take daskarewa, sai an kwance shi an zauna ana kankara, aikin ranar ya tafi kenan, kuma wannan tsohon inji ne mai haƙuri, na yanzu mai kwamfuta ko rawa wutar ta yi sai ya tsaya. Kun manta Oktoban 2024 da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna muka fi sati cikin duhu? Wane mai hankali ne zai zuba biliyoyinsa a haka. Su Agbara da Ota na jihar Ogun bututun gas ne ke kai musu har cikin kamfani ga tashar jirgin ruwa a kusa, mu kuwa dizal. Bututun gas na AKK mai kilomita 614 daga Ajakuta ta Kaduna zuwa Kano tun 2020 aka ƙaddamar da aikinsa, ranar da gas ya fara shiga unguwar masana'antu ta Challawa ka zo mu sake zancen.

'Yar Kazaure:
Baba gaskiya ka faɗa, Allah ya ƙara girma, amma ni tambayar ce ma nake ga ta yi tsalle. Yaya Ɗan Kadawa kana hangen tarakta, alhali fatar da ake jemewa a Challawa ɗaukarta ake zuwa Italiya da Sifaniya a ɗinka takalmi da jaka, ribar mai tsoka a can take zama. Zoɓonmu a buhu yake tafiya Meziko, riɗi ya tafi Japan da Turkiyya da Sin, mu an bar mu da shara da tankaɗe. Injin tantance ƙwaya mai kyamara, ɗakin gwajin da zai ba da takardar da masu saye a waje za su yarda da ita, matse mai, zuba shi a kwalba mai kyau, ai duk wannan aikin zamani ne kuma kayan a ƙofar gidanmu suke.

Sannan maganar ma'aikata. Masu injin shinkafa da yawa in na'urar tantancewa ta lalace sai sun jira mai gyara daga nesa, injin na kwance lebura na zaune. Ga jami'ar Wudil ga kwalejin fasaha ta Kazaure ga jami'ar fasaha ta Ɓaɓura, wa ya zauna da masu kamfanoni ya tambaye su irin yaran da suke so? Maroko da Renault na Faransa ya buɗe kamfanin mota a birnin Tanja a 2012, tashar jirgin ruwa na gefe, makarantar koyar da aikin ma an tanade ta, ba da roƙo suka jawo shi ba.

Bahaɗeje:
Ni manomi ne bari in faɗi tawa. Kamfanin tumatir na Dangote da ke garinku Malam an buɗe shi a 2016, zai iya cin tan 1,200 a rana, a shekarar tsutsar sharon ta cinye gonaki dole ya tsaya. Inji komai kyansa in babu kaya kullum ƙarfe ne kawai. A fara da iri mai kyau da gyaran magudanan Tiga da na Haɗeja da ciyawar kacala ta toshe. Kuma dan Allah duk wanda zai zo a yi maganar fili a bainar jama'a, a wajenmu an taɓa auna gonakin mutane da sunan wani kamfani, diyyar ba ta taka kara ta karya ba, har yau ko bulo ɗaya ba a aza ba.

Ɗan Kadawa:
Na gode ƙwarai. Baba to tunda dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tafiyar da wutarsu, me zai hana a ware wutar dam ɗin Tiga da solar Kumbotso mai megawat 10 a ba masana'antu zalla kafin gas ɗin ya iso?

Tsohon Sharaɗa:
Megawat 10 ɗana? Manyan kamfanoni biyu uku ne za su shanye ta su nemi ƙari.