Muhawara: Sinadaran oganik suna cinye dutsen farar ƙasa ne, ko kare shi suke yi?

Ɗalibar jiyoloji: Salamu alaikum. A ganina duk sinadarin oganik, wato mai ɗauke da kabon irin wanda ake samu a jikin tsirrai da dabbobi, da ya manne a jikin kalsayit, ma'adinin da ya fi yawa a dutsen farar ƙasa irin na Kalambaina da Ashaka, hanzarta narkewarsa yake yi. Ku matsa lemon tsami a butar shayin da gindinta ya yi fari da irin wannan ma'adini, ku gani.

Malamin kemistiri: Wa alaikumus salam, 'yata. Aiki biyu lemon tsami ke yi. Tsaminsa yana cin dutsen kai tsaye, sannan sinadarin sitiret ɗin da ke cikinsa yana cafke kalsiyam ɗin da ke jikin kalsayit ya tafi da shi cikin ruwa. EDTA, wani sinadarin oganik da ake haɗawa a masana'anta, shi ma haka yake, ko ruwan ba shi da tsami. Amma kalmar "duk" ɗin nan ban yarda da ita ba.

Injiniyan roba: Allah ya ƙara basira, Malam. Mu garin kalsayit da muke haɗawa da roba, da asid ɗin sitiyarik ake lulluɓe shi, wanda ke da yawa a man kaɗanya. Kan ƙwayar wannan asid yana kama kalsiyam, doguwar jelarsa tana korar ruwa. Zuba garin a kofi, sai ya yi ta yawo a saman ruwa bai jiƙe ba.

Ɗalibar jiyoloji: Yallaɓai, wannan ai shafa mai ne, ba aikin sinadari ba.

Malamin kemistiri: Aikin sinadari ne sosai. Narkewa ba ta faruwa ko'ina a fuskar dutse, daga bakin ƙananan matakai da ramuka take farawa. In ƙwayar sinadari ta zauna daidai wurin ta ƙi tashi, ta toshe ƙofar. Dubi ogzalet, wani sinadarin oganik da ake samu a wasu ganyaye: shi ma yana kama kalsiyam, amma sai su daskare tare su zama siririn ɓawo da tsami ba ya ci da sauƙi. Shi ya sa masu gyaran gumakan dutsen marmara a Italiya suke shafa shi da gangan, don marmara ma kalsayit ne.

Ɗalibar jiyoloji: Na janye "duk". Amma a cikin ƙasa, inda saiwa da ruɓaɓɓen ganye ke zubo asid, har yanzu ina kan bakana.

Injiniyan roba: A can ma ba iskar kabon dayoksaid ce ke yin mafi yawan aikin ba?

Malamin kemistiri: Ita ce, Injiniya. 'Yata, gwada gutsure biyu, ɗaya a shafa masa man kaɗanya, ki auna nauyinsu bayan mako guda a ruwan tsami.