Wa ya taɓa ba da kyautar tikitin wasan daɓe?

Maman Ilham, Malali: Assalamu alaikum. Baba ya yi ritaya, zaman gida ya fara isarsa. Mutum ne da ya tashi da kallon su Samanja da Kasimu Yero a talabijin ɗin Kaduna, har gobe yana ba da labarinsu, Allah Ya jiƙansu. Shadda da turare sun yi masa yawa, shi ya sa nake son saya masa tikitin wasan daɓe. Wanda ya taɓa bayarwa ko aka ba shi, don Allah ya faɗa mini yadda ta kaya.

Abban Sadiq, Rigasa: Wa alaikumus salam. Ni ba ni aka yi. Abokin aikina ya miƙo mini guda ɗaya, wasan kuma a can ƙetaren gada ne, wajen Barnawa, da daddare. Na ji daɗin wasan ƙwarai, amma na zauna ni kaɗai cikin mutanen da ban sani ba, abin dariya ya zo babu wanda zan taɓa. Da aka tashi sai da na daɗe a bakin titi kafin in samu Keke Napep, ita ma shata na ɗauka, kuɗinta ya fi na tikitin. Hajiya, ki sayi biyu, kuma ki san wanda zai kai shi ya dawo da shi.

Anti Larai, Unguwar Rimi: Gaskiyarka. Ni ƙanwata da mijinta na saya wa bayan bikinsu. Kafin in biya sai da na kira mijin na tambaye shi ranar da ba ya aiki, domin tikiti ba atamfa ba ce da za a ajiye a akwati sai an tashi ɗinki, ranarsa na wucewa shi ke nan. Ki kuma duba lokaci. Wanda ake farawa bayan La'asar ya fi wa dattijo, ya yi Magariba a nutse.

Ɗan Samaru: Idan Baba na iya tafiya, ki sa kunne ga lokacin da ɗaliban wasan kwaikwayo na ABU Zariya ke nuna wasanninsu a Drama Village, wato gidan wasan kwaikwayo na cikin jami'ar. Ginin ƙasa ne irin na gargajiya, tun 1976 yake nan. Na kai kawuna lokacin ina ɗalibi. Tun daga ƙofa ya tsaya yana shafa bangon da tafin hannunsa, yana cewa irin ginin gidan kakansa ne. 'Yan wasan kuma kusa da kai suke, kana ganin gumin goshinsu, kana jin ƙarar takunsu a ƙasa. Bai yi magana ba har aka gama, amma a mota bai bar kowa ya ce uffan ba, shi ke ta fassara mana halin kowane ɗan wasa har muka wuce Jaji.

Malam Na Kawo: Ni ra'ayina ya ɗan bambanta. Abu biyu za ki bincika tukuna. Na farko harshe: da yawa daga wasannin da ake yi a garin nan da Turanci ne ko Turancin buroka. Ɗana ya taɓa kai mu ni da babarsa, ita ba ta jin Turanci, ta yi ta zaman haƙuri don kada ransa ya ɓaci. Sai abin da ke cikin wasan. Akwai raye-raye da maganganun da uba ba zai so ya gani 'yarsa na gefensa ba. Ki nemi wanda ya kalla ko masu shiryawa su gaya miki gaskiya.

Anti Larai: Na manta, yanzu a waya suke turo tikitin. Ki je a buga miki a takarda, ki sa a ambulan ki kai masa hannu da hannu.

Maman Ilham: Allah Ya saka da alheri. Biyu zan saya, ɗaya na amininsa da suke zaman ƙofar gida tare, ƙanena ya tuƙa su. Ɗan Samaru, idan ka ji za a yi na Hausa, ka sanar da ni.