Mabadi'ul Idara daga nesa: ku da kuka wuce wurin, yaya kuka yi?

Ɗan Misfala:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ƙaninku ne daga Makka, ina tsare wa kawuna shagon turare da carbi da sallaya a wajen titin Ibrahim Khalil. Bana na shiga karatun gudanar da kasuwanci a jami'a ta intanet, zangon farko, kuma darasin Mabadi'ul Idara, wato tushen ilimin gudanarwa, ya tsaya mini a maƙogwaro. Babu lissafi a cikinsa, sunaye ne da jeri: ƙa'idoji 14 na Fayol, matakan buƙatu 5 na Maslow, Taylor da agogonsa. In karanta da dare, gari ya waye babu ko ɗaya a kaina. Ga mausim, lokacin cikowar baƙi, ya kama, muhadarar (laccar) kai tsaye kuma bayan Isha'i ake yi, daidai lokacin da masu Umra ke fitowa daga Harami su cika shago. Don Allah wanda ya yi darasin nan yana aiki ya gaya mini abin da ya faru da shi da yadda ya ƙare.

Maman Tasnim, Jidda:
Wa alaikumus salam ƙanena. Shekara biyu ke nan da na ci wannan darasi, kuma ni ma watan farko hadda na riƙa yi kamar ta Islamiyya, tana zubewa.

Sana'ata abincin biki: waina, sinasir, miyar taushe, dambun nama. Ni da ƙanwata muke yi, da 'yan mata uku masu taya mu. Wata Alhamis muka karɓi aikin walima. Da safe na ce a jiƙa shinkafar mutum 200, na fita kasuwa. Ƙanwata ta shigo, ta duba saƙon mai bikin na farko, wanda bai kai na biyu yawa ba, ta ce 150 ne. Yaran suka bi ta, don ita ce a gabansu. Da dare ƙullu ya ƙare, mai biki tana ta kira, na huce a kan yarinyar da ba ta da laifi ko kaɗan, har ta yi kuka. Bayan kwana uku ina zaune da littafi, sai ga wahdatul amr: kowane ma'aikaci daga bakin mutum ɗaya yake karɓar umarni. Wallahi ajiye littafin na yi na daɗe shiru. Mu ma ai muna cewa ba a sarki biyu a gari ɗaya, amma ban taɓa ganin kicin ɗina a matsayin gari ba. Washegari muka raba: duk abin da ya shafi tukunya da yara na ƙanwata ne, ciniki da kuɗi da lissafin baƙi nawa ne, ita kaɗai nake gaya wa adadi, a rubuce. Yarinyar kuma na ba ta haƙuri a gaban sauran.

Shi Fayol ɗin ba malamin aji ba ne. Bafaranshe ne, injiniyan ma'adinai, ya shekara da shekaru yana riƙe da kamfanin kwal da ƙarfe kafin ya rubuta abin da ya gani a 1916. Daga wurin aiki ƙa'idojin suka fito, to ka mayar da su wurin aiki. Kowace ƙa'ida na rubuta a gefenta ranar da ta same ni ko mutumin da ta dace da shi. A zauren jarrabawa fuskar yarinyar nan na tuna, amsar ta biyo baya.

Abu Sadiƙ, Riyadh:
Hajiya ta yi magana. Ni direban gida ne, batun lokaci zan taɓa. Karon farko faɗuwa na yi, kuma ba don ban san darasin ba. Na ɗauka jarrabawar ƙarshe ce komai, na yi watsi da wajibai, wato ayyukan gida, da tattaunawar da ake rubutawa a shafin jami'a, ashe suna da rabonsu na maki. Ranar farko ka buɗe takardar tsarin darasi, ka ga yadda malaminku ya raba makin, ka sa ranakun rufe wajibai a wayarka da ƙararrawa.

Karo na biyu na sauke muhadarorin da aka naɗa, ina saurare a mota yayin jiran yara a ƙofar makaranta. Juma'a bayan Asuba, awa biyu, nawa ne, ko waya ba na ɗauka. Ka tambaya ko halartar kai tsaye dole ce a wurinku. In dole ce, ka nemi kawu ya ba ka wannan awa ɗaya a mako tun yanzu, kada ka bari sai fashi ya taru.

Ɗan Hindawiyya:
Gaskiya ni ban bi doguwar hanya ba. Akwai mulakhas, wato taƙaitaccen darasin, da tambayoyin baya da ɗalibai ke yaɗawa a Telegram, shafi 30 zuwa 40. Kwana huɗu na yi a kansu, na fita da maki mai kyau. Mai aiki har ƙarfe 1 na dare ba shi da lokacin littafi mai babi goma sha wani abu. Ka ci darasin tukuna, fahimta ta zo daga baya.

Maman Tasnim, Jidda:
Ɗan'uwa, ban raina mulakhas ba, ni ma na duba shi a makon jarrabawa. Amma wanda ya zo hannuna an juya nazariyyar X da Y ta McGregor kan yadda shugaba ke kallon masu aiki ƙarƙashinsa, an ba X siffofin Y. Da ban karanta babin ba da haka zan haddace. Kuma a zango na uku, da muka shiga darasin kula da ma'aikata, malamin bai sake bayanin Maslow ba, ya ɗauka mun zo da shi. Waɗanda suka tsallake da mulakhas kaɗai a nan suka sha wuya.

Ɗan Hindawiyya:
Wannan kam haka ne Yaya, darasin ma'aikatan ya ba ni wuya. Amma har yanzu ina ganin gara a ci da mulakhas da a faɗi a sake biyan kuɗin darasi.

Bagadarife:
Salamu alaikum jama'ar Hijaz, daga Gadarif nake. Ina wannan darasin ne a wata jami'a ta Khartum, ta hanyar karatu daga nesa, lokacin da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023. Da jaka ɗaya na fito, Allah ya sa littattafaina biyu na ciki. A Fabrairu 2024 layukan waya da intanet suka ɗauke, aka daɗe babu. Duk abin da na bari a shafin jami'a ko a guruf ban iya kaiwa gare shi ba, takardar da ke hannuna ita ce ta rage. Shi ya sa nake ce wa kowa: ka sauke, ka buga a takarda, ko kana Makka inda wuta ba ta ɗaukewa.

Babin takhɗiɗ, wato tsara shiri, kuwa a kasuwar amfanin gona na gane shi. Mahaifina yana sayen riɗi da dawa a kaka ya ajiye. Littafi ya raba shiri kashi-kashi, na dogon zango, na gajere, da wanda ake ajiyewa don ranar da abu ya ɓaci. Da na karanta wa Baba wannan na ƙarshe, sai ya ce tun zamanin kakansa ba sa zuba hatsi duka a rumbu ɗaya, kuma ba sa ba dillali ɗaya bashi duka. Da fam ɗin Sudan ya riƙa zubewa, ya daina barin kuɗi su kwana a hannunsa, yana sayarwa yana mayar da su buhu. Bai san sunan abin a littafi ba, ni kuma na san sunan ban san aikin ba. Yanzu ni nake riƙe masa littafin shiga da fita, abin da bai taɓa yarda wani ya riƙe ba.

Wani abu da ya taimake ni: ayyukan manaja huɗun nan na mayar da su Hausa a bangon littafi. Takhɗiɗ, shirya abin da za a yi tun kafin a fara. Tanzim, raba aiki da sanin wa ke ƙarƙashin wa. Taujih, jan mutane su yi aikin da zuciya ɗaya. Raƙaba, bin diddigi a ga ko abin da aka shirya shi aka yi. Kusan duk babukan littafin a ƙarƙashin huɗun nan suke.

Baban Usama, Madina:
Allah ya kawo muku zaman lafiya Bagadarife, ya mayar da kowa gidansa.

Ɗana na Misfala, na girme ku duka ina jin, na haura 50, ina riƙe da sito a wani otal. Kafin maganar darasi, ina fata ka bincika jami'arka. Ni na taɓa biyan wata da na gani a talla, shekara guda da rabi ina turawa, da na kai takardar wurin aiki aka ce ba a san da ita ba. Kuɗin ba su dame ni kamar dararen da na hana kaina barci ba. Akwai sanannu: Jami'ar Lantarki ta Saudiyya da aka kafa a 2011, tana haɗa intanet da zuwa aji; Jami'ar Larabawa ta Buɗaɗɗen Karatu da Yarima Talal bin Abdul'aziz ya assasa, ta fara a 2002, hedkwatarta a Kuwait, tana da rassa a nan; masu takardun Najeriya kuma akwai NOUN, wato Jami'ar Buɗaɗɗen Karatu ta Najeriya, da cibiyar karatu daga nesa ta ABU Zariya. Kowace ka je da iƙamarka (takardar izinin zama) da takardar sakandare ka ji sharuɗɗanta daga bakinsu, ka tambayi harshen koyarwa da inda ake zama jarrabawa, kada ka dogara da maganar dillali.

A darasin kuwa, gwajin Hawthorne ne ya kama ni, wanda aka yi a wata masana'anta kusa da Chicago a Amurka, aka danganta da Elton Mayo. An shiga ne don a ga tasirin haske a kan aiki, aka fito da cewa kulawar da ake ba ma'aikaci da zamansa da abokan aikinsa suna da nasu ƙarfin. Ina da mutum bakwai a ƙarƙashina, 'yan Bangaladash da 'yan Yaman da namu. A da ihu nake yi. Na fara zama da su minti goma kafin a buɗe sito, ina tambayar kowa abin da ya tsaya masa jiya. A irin zaman nan wani ya gaya mini yana ɗaukar katan daga gaba ne saboda na baya sun yi masa tsawo, shi ya sa madara ke lalacewa a can ciki. Shekara biyu ina zargin sakaci, ashe ƙaramin tsani ake buƙata.

Ɗan Misfala:
Allah ya saka muku da alheri, na karanta kowane sau biyu. Baba na Madina, na je na tabbatar, jami'armu sananniya ce, alhamdu lillahi. Malam Abu Sadiƙ, na duba takardar, wajibi ɗaya ya riga ya wuce ni, saura biyu, na sa ƙararrawa.

Na gwada hanyar Yaya Maman Tasnim a babin raƙaba. Daren Talata na ƙirga kwalaben turare ƙanana na kwatanta da rasit, aka samu gibin 23 a mako ɗaya. Da farko gabana ya faɗi, don mu uku ne a shagon. Da na bi diddigi sai na ga kyautar da muke ƙara wa alhazai masu sayen da yawa ce, kowa yana bayarwa ba ya rubutawa, ni ma a ciki. Ban ce wa kawu littafi ya ce ba. Bayan Asuba na kai masa takardar na ce, Kawu ga abin da na gani, yaya kake so a yi? Ya daɗe yana kallo, ya ce a ci gaba da kyautar amma a ajiye mata littafi, kuma ya ba ni awar muhadara ranar Lahadi, ɗansa zai tsaya a madadina.

Mako mai zuwa babin tanzim ne, kuma niɗaƙul ishraf bai zauna mini ba, wato mutum nawa shugaba ɗaya zai iya lura da su. Baba, kai da ke da bakwai, sun yi maka yawa ne ko za ka iya ƙarawa? Malam Abu Sadiƙ kuma, in ba damuwa, zan so mu riƙa haɗuwa ta waya a awarka ta biyu ranar Juma'a, ni ma lokacin nake samun sarari kafin a buɗe shago.