Kwalekwale ɗaya zai yi kogi da tafki? Yadda aka kwashe a zauren masu ruwa

Mai Shinkafa Yawuri: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yau raina a ɓace yake, kuma sai na faɗa. Bayan girbin bara na tattara kuɗin shinkafata na kai wa wani mai haɗa jirgi. Na ce masa abu ɗaya nake so: kwalekwalen da zan shiga rafukan fadama da shi in kwaso buhuna, ranar kasuwa kuma in ratsa tafkin Kainji ba sai na nemi na haya ba. Ya bugi ƙirji ya ce nasa ko'ina yana shiga. Ya haɗa mini dogo na katako mai shimfiɗaɗɗen ciki. A rafi ba ya juyuwa, sai ka yi ta tokara gwangwala kana ja da baya kafin ya sha kwana. A tafki kuwa, iska na ɗan tasowa sai goshinsa ya riƙa dukan ruwa, ruwa na fallatsowa ciki, yarona na kwarfewa da kwano har hannunsa ya gaji. Damina ɗaya haɗin katakon ya buɗe, audugar da ya cusa da kwaltar da ya shafa duk suka fita. Na koma masa, wai ni ne ban iya tuƙi ba. To ni na yanke: babu jirgin itace da ke yin ruwa biyu. Mai son kogi da tafki a jirgi guda ya sayi faiba, wato jirgin roba mai tauri irin na masana'anta. Sauran duk kayan ƙauye ne.

Basarke: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar maka da alheri. Amma ka janye kalmar nan ta ƙarshe. Wane ne ɗan ƙauyen?

Mai Shinkafa Yawuri: Ban ce mutum ba, jirgi na ce.

Basarke: In ka ce jirgi na ƙauye ne, ka ce da wanda ya sassaƙa shi da wanda ke cin abinci da shi. Mahaifina da gizago ya fafe gungumen maɗaci, a cikinsa ya ciyar da mu, a cikinsa ya kai mu makaranta ƙetare. Kifin da kuke ci a Yelwa cikin faiba aka kamo shi?

Ɗan Birni: Ni ban ga abin zafi ba. Ƙauye ai ba zagi ba ne, kowa daga can ya fito. Mutumin nan an cuce shi, ku bar shi ya huce.

Kawu Mai Taru: Ɗana, in ba zagi ba ne me ya sa ba ka sa wa kanka suna Ɗan Ƙauye ba? Kowa ya san yadda ake nufi in an faɗa. Mu da muka tsufa a bakin ruwa mun sha jin wannan. Da aka rufe madatsar Kainji a 1968 ruwa ya cinye tsibirai da tsohon garin Busa, aka kwashe Gungawa da sauran mutane zuwa sababbin matsugunai. Da me suka koyi sabon ruwan? Da jirgin itacen nan da kake rainawa. Babu wanda ya zo musu da faiba a lokacin.

Malamar Firamare: Kawu, a yi haƙuri, bari in koma kan tambayar, don ni ma na taɓa neman irin abin da yake nema saboda kai kaya kasuwa. Abin da ya same shi ba laifin itace ba ne, laifin ƙira ne. Dogon jirgi ya fi gudu kuma ya fi miƙewa, shi ya sa yake da daɗi a faffaɗan ruwa, amma tsawon nan shi ke hana shi juyawa a ƙunƙuntar hanya. Shimfiɗaɗɗen ciki ba ya nutsewa sosai, yana wuce ruwa iya gwiwa da kaya, kuma ba ya rawa in ka tsaya a kai. Amma da igiyar ruwa ta taso sai ya hau ta ya faɗo, domin ba shi da abin yanka ta. Mai zagayayyen ciki yana rawa a ƙafa da farko, sai dai yana bin igiya yana kwanciya da ita. Wanda ke son ruwa biyu sai ya tsaya tsakiya: matsakaicin tsawo, ciki mai ɗan lanƙwasa, goshi a ɗage, gefe mai ɗan tsayi. Ba zai fi kowa a rafi ba, ba zai fi kowa a tafki ba, amma zai kai ka ya dawo da kai. Wannan ana yinsa da katako, ana yinsa da faiba.

Basarke: Malama, duk mun ji. Amma ya janye tukuna.

Ɗan Damaturu: Masu cewa ƙauye su zo Yobe su ga tarihi. A 1987 wani makiyayi na haƙa rijiya a kusa da ƙauyen Dufuna, ƙaramar hukumar Fune, ya ci karo da itace a ƙarƙashin ƙasa. A 1994 masu bincike daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt a Jamus suka haƙo shi. Kwalekwale ne na sassaƙa, tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa kimanin 8,000. Babu wanda ya girme shi a Afirka cikin waɗanda aka gano. Ku nuna mini faibar da za ta kai shekara ɗari.

Ɗan Birni: To ai ka taimaki mai ƙorafi. A ƙauye aka same shi, kuma a binne. Yana ɗaukar buhu yanzu?

Ɗan Damaturu: Kai ba ka da kunya? Abin da duniya ke zuwa kallo shi kake wa haka?

Bakabe: Ku dai mutanen gabas da kun samu zance sai Dufuna. Ruwa a Kabi yake. Tun 1934 ake bikin kamun kifi na Argungu, UNESCO ta sa shi cikin abubuwan gado na duniya a 2016. A kogin Matan Fada ake tseren kwalekwale ana kabanci, wato wasannin ruwa. In ana maganar sanin jirgi mu za a tambaya.

Ɗan Baga: Wane sanin jirgi? Ku da kuke faɗawa ruwa da gora da homa. Gulbinku da rani yaro ma ya tsallaka. Ku zo Tafkin Chadi ku ga inda ake wuni ana tafiya ba a hango tudu ba. Buduma da ciyawa suke ɗaure jirgi su shiga tsibirai, wannan shi ne sani.

Bakabe: Gora ba rashin jirgi ba ne, al'ada ce, kuma jarumta ce. Kai za ka iya nutso ka fito da giwan ruwa a hannu? Tafkin naku ma da ya janye, wane wuni kuma?

Ɗan Baga: Kada ka yi wasa da wannan. Mutanenmu sun ga abin da ba ku gani ba, ruwa ya janye, rikici ya kore su daga gidajensu. Ba abin gori ba ne.

Bakabe: Wannan gaskiya ne, Allah ya kawo muku sauƙi. Amma maganar gora ka janye.

Mai Shinkafa Yawuri: Jama'a, ni fa tambayata jirgi ce. Wa ya taɓa amfani da faiba a Kainji ya faɗa mini gaskiya?

Direban Ruwa: Ni na tuƙa, da injin Yamaha mai doki 15. Ba ta yoyo, ba ta ruɓewa, ba ruwanka da kwalta duk shekara, kuma mutum biyu sun ja ta tudu. Amma rashin nauyin nan shi ne matsalarta a tafki: in babu kaya iska na tura ta gefe, musamman da hunturu da kuma guguwar farkon damina. Sannan Kainji daji ne aka cika da ruwa, kututturan itatuwa na nan a ƙasa. Lokacin da ruwa ya ja baya suna dab da sama ba ka ganinsu. Katako ya daki kututture kafinta na bakin ruwa ya cire allo ya sa wani kafin la'asar. Faiba ta tsage sai ka nemo mai haɗa maganin liƙinta, kuma ba kowane gari ake samunsa ba. Ga shi in ka ce za ka tokara ta da gwangwala cikin burgu da kainuwa, ba ta da daɗin hannu kamar itace.

Basarke: Kun ji ko? Direba da bakinsa. Kayan birnin ne ke tsagewa.

Direban Ruwa: Yaya, ban ce haka ba. Na faɗi amfaninta ma, ka tsallake.

Ɗan Birni: Ku faɗi gaskiya mana. Jirgin da ya nutse kusa da Wara, ƙaramar hukumar Ngaski, a watan Mayun 2021, na me ne? Ba na katako ba ne? Rayuka nawa aka rasa a rana ɗaya?

Kawu Mai Taru: Ka ji tsoron Allah, yaro. Kada ka ɗauki gawarwakin mutane ka yi hujjar cin gardama. Lodi ne ya yi yawa, kowa ya sani, NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, ma ta faɗa. Kuma wancan babban jirgin fasinja ne, ba kwalekwalen manomi ba. Ka cika faiba fiye da ƙima ka gani ko ba za ta tafi ƙasa ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Malamar Firamare: Amin. Tunda an zo nan, ina roƙon kowa: itace ko faiba, ku sa rigar ruwa, ku sa wa yara, ku bar tafiyar dare. Wannan ya fi mini duk abin da ake ja a kai.

Ɗan Gaya: Gaisuwa daga Nijar. Mu nan tsakaninmu da Malanbil ta ƙasar Benin ruwa ne kawai, kuma jiragenmu sun daɗe suna gangarawa Yawuri da kaya. Abin da ba ku faɗa ba shi ne kogin Kwara ba ruwa ɗaya ba ne a shekara. Akwai farin ruwa na damina, mai laka mai ƙarfi, wajen Agusta zuwa Oktoba. Akwai baƙin ruwa da ke isowa da sanyi, wanda ya taso tun daga tsaunukan Gini ya daɗe a hanya. Tsakani kuma ga yashi da duwatsu a waje. Jirgin da ya dace da wata ɗaya ba lalle ya dace da wani ba. Shi ya sa gidan da ke da hali yake ajiye biyu, ƙarami na sassaƙa don rafi da duba koma, babba na katako don kaya.

Bakabe: Kwara kuma? Mu Neja muka sani.

Ɗan Gaya: Tambayi kakanka, Kwara zai ce maka.

Ɗan Damaturu: Ku bar wannan. Har yanzu Ɗan Birni bai ba Dufuna haƙuri ba.

Mai Gizago: Ni mai sana'ar ne, na yi shiru ne ina karantawa. Malam Mai Shinkafa, wanda ya yi maka aiki bai kyauta ba, ba na kare shi. In haɗi ya buɗe a damina ɗaya, to da ɗanyen katako ya yi, ko farin itace mai araha ya sa a maimakon maɗaci ko kawo, ko ƙusoshin sun yi nisa da juna. Busasshen katako in ya sha ruwa kumbura yake ya matse haɗin. Ɗanye kuwa yana bushewa a rana ya ja jiki, sai ka ga haske ta tsakanin allo. Kuma ku masu saye kuna da naku: ku ce a rage kuɗi, a gama cikin gaggawa, sannan ku bar jirgi a tudu rana na dukansa. Babban maɗacin da za a fafe jirgi guda ma yanzu sai an yi tafiya mai nisa kafin a samu, shi ya sa aka koma allo. Amma ka kira aikin hannunmu kayan ƙauye, wallahi ya yi mini ciwo.

Mai Shinkafa Yawuri: Baba, ban da niyyar ɓata maka. Amma kuɗina fa? Wa zai biya ni? Kowa na kare sana'arsa, ni da aka cuta an mayar da ni mai laifi.

Basarke: Kai ka mayar da kanka. Har yanzu ba ka rubuta "na janye" ba.

Ɗan Birni: Kada ka janye komai. Zaure ne na kowa, ba na masu gizago ba.

Mai Kula da Zaure: To jama'a, ya isa haka, zan rufe. Ga abin da aka cimma. An tabbatar cewa jirgin itace shi ne ya dace da ruwanmu, kogi da tafki, kamar yadda Kawu da Baba Mai Gizago suka yi bayani, kuma tarihin Dufuna ya ƙara shaida. Shi kansa Direba ya nuna faiba na tsagewa a kan kututture, iska na wasa da ita, gyaranta kuma wahala. Malama ta yi dogon bayani a kan ƙira, mun gode, duk da cewa kowane mai sassaƙa na ƙwarai ya san wannan tun yana yaro a gaban mahaifinsa, kamar yadda na gani a gidanmu. Mai ƙorafi ya haɗu da baragurbi ne, muna taya shi jaje, amma kalmar da ya yi amfani da ita ba ta dace ba, kuma zauren nan ba zai sake lamuntar ta ba. Ɗan Birni, wannan gargaɗi ne gare ka. Maganar gora da ta sunan kogi a kai ta wani zaure. Mai Shinkafa, ka kai jirginka wurin mai aikin maɗaci ya duba haɗin kafin ruwa ya sauko, ka bar zancen faiba. Na rufe sharhi.